Inda Ƙaho Ba Ya Kaiwa

Jini ya daskare a jijiyar zuciyata sau biyu cikin wata guda. Sau biyu aka zura mini waya aka buɗe ta. Na farko Allah ne ya kawo shi. Na biyu a gidanmu aka haɗa shi, ina zaune na ba da bayana.

Sunana Audu, amma a tashar Wadata Kamyo ake ce mini, wato babbar motar kaya, don ina ɗaukar buhu biyu a tafiya ɗaya. Daga ƙasar Tawa na zo Yamai ina saurayi, na kama dako, ban taɓa yin wani aiki ba. Ban yi lakwal ba, ban taɓa shiga ajin boko ba. Ina faɗa ne, wani malamin makaranta da muke gidan haya ɗaya yana sawa a takarda. Na ce masa kada ya gyara mini magana.

Gidanmu gidan wanzanci ne. Kakana wanzami, ubana wanzami, wana Garba shi ya gaji zabira. Ni aka ce yatsuna sun yi kauri, ba su dace da aska ba. Yaya Garba yana da rumfa a bayan tasha, yana aski, yana kaciya, yana ƙaho. Ya iya aikinsa, wannan ba na musu. Ba ya yi wa mutane ƙarya da gangan, ya yarda da ƙahonsa kamar yadda na yarda da ƙafafuna.

Ranar da abin ya fara, da hantsi ne, muna sauke albasa. Na ɗora buhu na yi taku kaɗan sai na ji kamar an kife mini turmi a ƙirji an zauna a kai. Hannun hagu ya mutu. Muƙamuƙi ya kama ciwo kamar haƙori. Ana rana mai ƙuna amma zufar da ta keto mini sanyi gare ta. Na yar da buhun, abin da ban taɓa yi ba, na amayar da kokon safe a kan ƙafata.

Hama ne ya fara zuwa, wani Bazabarme da muke dako tare tun muna da gashin kai baƙi. Kullum cikin tsiya muke.

Ya ce, “Kamyo, inji ya buga ne? Ko tuwon Hausa ne ya yi maka yawa?”

Ban iya rama masa ba. Da ya ga haka ya daina dariya.

’Yan dako suka ɗauke ni. Rumfar Yaya ce kusa, kuma kowa ya san ɗan’uwana ne, don haka can suka nufa. Yaya ya taɓa ƙirjina, ya buɗe idona ya duba.

Ya ce, “Mataccen jini ne ya taru. Shekara nawa ina ce maka ka zo a yi maka ƙaho kana mini taurin kai?”

Ya tuɓe mini riga, ya kafa ƙaho a baya da ƙirji, ya zuƙa, ya tsattsaga, ya mayar. Da ya cire ya juye a ƙasa, jini ya faɗo baƙi, a dunƙule kamar hanta. Masu kallo suka yi salati. Wani ya ce da wannan abu mutum ke yawo a jikinsa?

Yaya ya ce, “Ka ji sauƙi?”

Turmin na nan inda yake. Amma mutane sun zagaye mu, kuma wana ne. Na ce, “Da sauƙi.”

Ya ba ni jiƙo, ya ce in kwanta. Na kwanta a tabarmarsa yana aske wa mutane kai a gefena, gashi na zubowa kusa da fuskata. Aka kira azahar ina nan. Sai da rana ta karkata Hama ya dawo ya leƙa ni. Ya ce leɓɓana sun zama toka. Bai tambayi kowa ba, ya jawo amalankensa ya kinkime ni ya aza.

Yaya ya miƙe da aska a hannu. “Kai Bazabarme, ina za ka kai mini ƙane?”

Hama ya ce, “Ka yi naka tun safe, maigida. Bari wasu su taɓa.”

Ya tura ni har bakin titi kamar buhun gero. Masu taksi na tsayawa su leƙa su ja mota, sun ɗauka gawa ce. Wani tsoho ne ya yarda. Ban san sunansa ba, Allah ya biya shi.

A babban asibiti mai gadin ƙofa ya ce mu bi layi mu yanki tikiti. Aka kwantar da ni a kan siminti. Wani ma’aikaci ya ture ƙafata da takalminsa don ya wuce. Wannan mutumin ban yafe masa ba. Amma a wurin dai wata majo, babbar ma’aikaciyar jinya, mace mai jiki, ta wuce ta dawo da baya ta tsaya a kaina. Ta daka tsawa aka kawo gado mai taya. Suka manna mini wayoyi a ƙirji, wata takarda mai zane-zane ta fito daga na’ura. Ta duba, ta ruga da gudu. Ban taɓa ganin mace mai jikinta ta yi gudu haka ba. Ta dawo da ƙwayoyi ta ce in tauna, da lokotoro, wato likita, a bayanta.

Lokotoron siririn mutum ne, mutumin Damagaram, ba ya murmushi. Ya ce, “Yaushe ya fara?”

Na ce da hantsi.

Ya dubi agogo, ya dubi tsagar da ke ƙirjina. “Wa ya yi wannan?”

“Wana.”

Ya ce, “Ka saurara, ba mu da lokaci. Zuciya nama ce, jijiya ce ke kai mata jini. Gudan jini ya toshe taka. Duk sa’ar da ta wuce wani yanki na naman yana mutuwa, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa.”

Na ce, “Zan ƙara ɗaukar kaya?”

Ya ce, “Sai mun ga abin da ya rage.”

Tun daga nan wannan ce kaɗai tambayata. Ban tambayi mutuwa ba. Ɗan dako in ya mutu an huta da shi, in ya rayu ba ya ɗauka, shi ya zama kayan.

Kayan aikin ba kyauta ba ne. Matata Abu ta iso ko takalmi babu. ’Yan dako suka zagaya tasha da hula, mai albasar da nake sauke wa kaya ya tsaya mana. Duk da haka bai kai ba. Abin da ya rage mana a duniya gonar ubanmu ce a ƙauye, tawa da Yaya, ba a raba ba. Hama ya kira shi a waya. Yaya ya ce a sayar. Bai ja ba, bai yi shawara da kowa ba. Wannan ma ban manta ba, kuma a rubuta shi.

Ɗakin aikin sanyi gare shi kamar cikin randa. Ban yi barci ba, idona biyu. Suka kashe mini wuyan hannun dama da allura, suka huda, suka zura waya siririya. Ina jin abu na tafiya a hannu zuwa kafaɗa, ba zafi. A gefena akwai allo kamar talabijin. Suka tura wani ruwa sai ga jijiyoyin zuciyata sun fito baƙaƙe kamar rassan itace ba ganye. Ɗaya ya tafi kaɗan ya tsaya cak, kamar an sare shi da gatari.

Lokotoro ya ce, “Ka ga wurin? Nan za mu.”

Suna ta Faransanci a tsakaninsu, ni ina ta salati. Ya sa wani bututu ya zuƙa da sirinji. Ciwon ya ƙaru har na ciji leɓe. Ya sake zuƙa. Sai na ji an ɗaga turmin. Haka nan, kamar yadda ake sauke wa mutum buhu daga ka. A allo reshen da aka sare ya miƙe ya tafi har ƙasa, ya fid da ’yan rassa. Ya sa wani ɗan ƙarfe mai kama da raga a wurin don kada ya sake rufewa. Rasor suke ce masa.

Da aka gama ya kawo wata ’yar rariya kamar ta shayi kusa da fuskata. A ciki akwai wani ja-jan abu kamar ƙaramar tana, bai kai ƙwayar wake ba.

Ya ce, “Ga abin da ya kayar da kai.”

Satin farko a asibiti na yi shi. Ɗakin marasa lafiya cike yake, bayin ba ya shiguwa, masu jinya suna zaune ƙarƙashin itatuwa da tukwanensu. Wanda ke gadon kusa da ni, wani tsohon ma’aikacin gwamnati daga Maradi, ya rasu da safe, kafin azahar an kwantar da wani a wurinsa, zanen gadon kawai aka juya. Amma majo tana zuwa ta duba hannuna ko ba aikinta ba ne. Tana ce mini “kala suru”, wato sai haƙuri da Zabarmanci, ta ƙara da cewa na cika baƙar fuska.

Yaya ya zo sau ɗaya. Ya tsaya a bakin gado da babbar rigarsa ya ce, “To, me suka ciro?”

Na nuna masa da kan ɗan yatsa.

Ya ce, “Me?”

Na sake nunawa.

Ya yi dariya har ya riƙe ƙarfen gado, har majo ta leƙo ta ce nan ba kasuwa ba ce. Ya share ido ya ce, “Wannan? Ni ƙaho ɗaya nake cika da abin da ya ninka shi sau ban san iyaka ba, a ba ni goro. A kan wannan aka sayar da gonar Baba?”

Ni ma na ga abin da ya juye a ƙasa ranar, na ga na cikin rariya. In da ido za a auna, Yaya ya ci.

Ranar sallama lokotoro ya kira Abu ya zaunar da mu tare. Ya ce na yi sa’a, abin da ya mutu kaɗan ne. In na bi magana zan koma aiki bayan ’yan watanni, ko da ba buhu biyu ba. Na ji kamar in rungume shi, amma ba mutumin runguma ba ne, ni ma haka. Ya ɗaga ƙwayoyi iri biyu.

Ya ce, “Rasor baƙo ne a jikinka. Jini ba ya son baƙo, zai so ya taru a kansa ya daskare. Waɗannan ke hana shi. Ko abinci ka rasa, kada ka rasa su. Kuma kada aska ta taɓa fatarka, don jininka ba zai tsaya da wuri ba. Kin ji, malama?”

Abu ta ce ta ji.

Sati na biyu ina gida. Masu gaisuwa suka yi ta zuwa, kowa da maganinsa. Wannan tafarnuwa da zuma, wancan zogale, wata ta kawo rubutu a gora. Na sha wanda zan iya, na gode wa kowa. Ƙwayoyin kuwa Abu ce ke ba ni da hannunta bayan koko. Sai dai in na yi asuwaki dasashina ya yi jini, in na bugi ƙofa wurin ya yi baƙi ya daɗe. Lokotoro ya faɗi haka zai faru. Yaya ya gani ya girgiza kai.

Ashe a tasha magana ta yi yawa. Ana cewa gidan wanzamai an kai ɗansu asibiti a cire masa jini. Masu zuwa aski suna tsokanarsa. Wani ya ce masa, “Sarkin aska, ashe ƙahonka gajere ne?” Wasu da suka saba zuwa ƙaho suka daina. Yaya mutum ne da zai iya kwana da yunwa amma ba zai iya kwana da raini ba.

Ya zo da yamma ya zauna, ya ce aikin da ya fara bai ƙarasa ba, Bazabarme ya katse shi. Saura na nan a ciki. Na ce lokotoro ya hana. Bai yi musu ba, ya ciro waya ya kira ƙauye, ya miƙo mini. Innarmu ce.

Ta ce, “Audu, an ce ka raina ƙahon gidanku.”

Na ce, “Inna, ba raini ba ne.”

“Ƙahon da ya riƙe ubanka har ya tsufa? An sayar da gonarsa saboda kai, ban ce komai ba. Yanzu wanka na shan kunya a bainar jama’a saboda kai. In ka ƙi ba shi bayanka, ban yafe maka nonon da ka sha ba.”

Ta kashe.

Abu ta fito daga ɗaki ta durƙusa. Ta ce, “Yaya, don Allah. A gabana lokotoro ya ce kada aska ta taɓa shi.”

Yaya bai dube ta ba. Ya ce, “Ke, tare aka haife ku? Jinin gidanmu ake magana. Ki koma wurin tukunyarki.”

Ta dube ni. Na dubi ƙasa. Wanda bai san abin da uwa ke nufi in ta ambaci nono ba, ba zan iya yi masa bayani ba.

Cikin sati na uku aka yi. Ya ƙi yi a gida. Ya ce a rumfa aka yi masa dariya, a rumfa za a gani. Ya zaɓi Juma’a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da tasha ke cike. Na zauna a kan turmin da yake zaunar da mutane, na tuɓe riga. Ya jera ƙaho a bayana, ya zuƙa, ya tsaga, ya mayar, yana yi wa jama’a bayani.

Da ya cire na farko ya juye, ba abin da ya dunƙule. Jini ja wur ya zubo kamar zoɓo. Ya cire na biyu, haka. Tsagar ba ta tsaya ba. Ina jin ɗumi na gangarowa ta tsakiyar bayana har cikin wando. Ya danna auduga, ta jiƙe. Ya sa toka, ta zama taɓo. Ya aiki wani ya nemo yanar gizo. Har aka kira la’asar bayana na tsiyaya. Jama’a suka fara gunaguni.

Sai ya miƙe ya ɗaga ƙahon sama ya ce, “Jama’a, ku shaida! Ku ga abin da suka yi wa ƙanena. Sun mai da jininsa ruwa. Wane namiji ne zai ɗauki buhu da wannan?”

Nan take magana ta juya. Waɗanda ke gunaguni suka koma salati. Wani ya ce shi ya sa ba ya shan maganin asibiti. Ni ma na sunkuya na dubi abin da ke ƙasa tsakanin ƙafafuna. Ban taɓa ganin jinin mutum haka ba, kuma a gidan jini na tashi. Tsoro ya kama ni. Maganar lokotoro tana kunnena, amma wannan a idona yake.

Aka kai ni gida a ɗaure da tsummoki. Yaya ya shiga ɗaki kansa tsaye ya ɗauko ƙwayoyin daga cikin kwanon da Abu ke ajiye su. Ta riƙe ledar da hannu biyu. Ya murɗe mata yatsu har ta saki, ya fita ya juye su a masai. Ina kwance rub da ciki ina ji. Washegari Abu ta ce za ta nemi na sayen wasu. Na ce ta bari tukuna.

Abin da ya fi cutar da ni shi ne na ji daɗin jikina. Bayan ’yan kwanaki dasashi ya daina jini, baƙaƙen tabo suka baje, tsagar ta kame. Yaya ya zo ya matsa fatata ya ce, “Ka gani? Jini ya fara komawa na maza.” Na tafi tasha na ɗauki rabin buhu daga mota zuwa rumfa. ’Yan dako suka yi ihu suna Kamyo ya dawo. Hama kaɗai bai yi ba.

Ya ce, “An sa maka sabuwar piyas, sabon ƙarfe, a inji, kai kuma ka zubar da mai. To, mu ga inda za ka kai.”

Ban kai ko’ina ba. A sati na huɗu, da rana tsaka, na tashi zan yi alwala a tasha, ba komai a kaina, sai turmin ya dawo. Wannan karon da taɓarya. Na faɗi a kan butocin mutane. Hama bai bari kowa ya ambaci rumfa ba, ya tare taksi da jikinsa a tsakiyar titi.

Lokotoron nan dai na samu. Ya sa aka juya ni, ya ga bayana. Ya ce, “Ƙwayoyin fa?”

Na kau da kai. Bai zage ni ba, da ya zaga da ya fi mini. Majo ce ta yi magana. Ta ce, “Mun fid da kai daga rijiya, ka koma da ƙafarka.”

Abu ta ce, “Wallahi ba shi ba ne, wansa ne ya…”

Na ce ta yi shiru.

Babu gona ta biyu. Hular ’yan dako ta zagaya ta dawo ba nauyi, don ba a yi wata ba da suka bayar. Abu ta sayar da gadon kwananta da kwanonin aurenta, aka sayar da amalankena. Bai isa ba. Ina kwance ina kallon rufi, na san abin da ke mutuwa a cikina, tunda an gaya mini. Lokotoro ya tafi ofis da kansa, ina jin muryarsa daga nesa, shi da ba ya ɗaga murya. Sai da ya dawo aka tura ni ciki. Rana ta riga ta yi nisa.

Jijiyar hannun ta ƙi, suka bi ta matsematsi. A allo na ga rasor ɗin, na ga reshen ya tsaya daidai bakinsa. Jini ya cika shi ya wuce. Ya zuƙa, ya zuƙa, ya hura, ya sake zuƙa. A tsakiya duniya ta ɗauke. Abu ta ce sun buga mini wuta a ƙirji kafin na dawo, tabon na nan. Da na farka na dubi allo. Reshen ya buɗe, amma baƙin ruwan yana jan ciki a cikinsa kamar kogi a ƙarshen rani. Ba a nuna mini rariya ba. Turmin ma ba a ɗaga shi duka ba.

Da safe lokotoro ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce, “Na buɗe hanya. Amma garin da take zuwa ya riga ya ƙone.”

Na ce, “Zan ƙara ɗaukar kaya?”

Ya ce, “A’a.”

Na gode masa da bai zagaya ba.

Na daɗe a kwance wannan karon. Yaya bai zo ba, ya aiko da fura. Ya gaya wa Inna ruwan da suka mai da jinina ne ya sake kayar da ni. Da na fito ƙafafuna suka fara kumbura. Ba na iya kwanciya miƙe, sai a jingine da bango. An hana ni gishiri. Ƙwayoyin sun ƙaru, sun zama tafin hannu guda. Abu ke sayensu, tana wankau a bakin kogi wajen Gaweye, hannunta duk ya tsage da sabulu. Ba ta taɓa ce mini “na gaya maka” ba. Ita ke ajiye maganin yanzu a ƙugunta, ko ni ban san adadinsa ba.

Shugaban tasha ya tausaya ya ba ni gadin babura a bakin ƙofa. Daga bencina ina hango rumfar Yaya. Kasuwarsa ta buɗe fiye da da. Labarin da ke yawo shi ne masu asibiti sun kasa sau biyu, ba don ya zuƙe gubarsu da ƙaho ba da tuni an binne ni. In ana musu sai ya nuno ni da hannu ya ce, “Ga shi can da ransa.” Yanzu har daga wasu unguwanni ake zuwa wurinsa da ciwon ƙirji.

Wata rana da hantsi wani direban babbar mota ya tsaya a gabana, mutumin Maradi, ƙato. Hannunsa na dafe da ƙirji, zufa ta jiƙa masa riga, fuskarsa ta yi fari. Ya ce, “Baba, ina wanzamin nan da ya warkar da ƙanensa?”

Na ce, “Ni ne ƙanen. Hannun hagu na ciwo?”

Ya ce e.

Na ce, “Ga taksi can. Ka ce babban asibiti, ka ce musu zuciya. Kada ka tsaya ko shan ruwa.”

Yaya ya hango mu ya taso. Ya dafa kafaɗar mutumin ya ce, “Ƙyale shi, alhaji, ciwo ya ɗan taɓa masa kai. Zo ka zauna a inuwa.”

Direban ya dube mu. Ga mutum a tsaye cikin farar riga, da ƙiba, da murmushi. Ga wani a benci da kumburarrun ƙafafu, yana haki kafin ya ƙare magana. Ya bi Yaya. Na tashi in bi su, ban yi taku goma ba numfashi ya ƙare, na riƙe wani babur. Na yi kira, hayaniyar tasha ta cinye muryar. Hama kuwa ba ya nan, ya tafi kai kaya Babbar Kasuwa.

Ban ga fitar direban daga rumfar ba. Motarsa dai ta yi kwanaki a tasha ba wanda ya taɓa ta, har wasu mutane biyu suka zo daga Maradi suka tayar da ita suka tafi. Ban tambaye su ba, su ma ba su yi wa kowa magana ba.

Yaya ya same ni a benci ya ce, “Na sayar da gonar gadona don ka rayu, kai kuma kana kashe mini kasuwa a bakin ƙofa.”

Na ce, “Yaya, ƙahonka fata yake sha. Abin yana can ciki inda ba ya kaiwa.”

Ya ce, “Yau kai za ka koya mini jini?”

Ya kira ƙauye. Tun daga ranar Inna ba ta karɓar wayata. In na kira, jikarta ke ɗauka ta ce tana barci.

Wanda ya ji nauyi a ƙirji, da zufa mai sanyi, da hannu ya mutu, kada ya bari inuwa ta matsa bai isa asibiti ba. Wanda aka sa wa rasor, ya riƙe ƙwayoyinsa ko wa ya rantse masa da me. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma da naman zuciyata na saye shi. Allah ya saka wa Hama, da majo, da lokotoron da ba ya murmushi, da Abu. Sauran Allah ya san su.

Ina Wadata, ƙofar tasha ta gabas, a kan benci, daga safe zuwa magariba. Ba na gaisawa da wana. In na ga mutum ya dafe ƙirji ya nufi bayan tasha, ina kiransa, wani ya juyo, wani ya wuce. Har yanzu Kamyo ake ce mini. Abin da ya fi buta nauyi ba na ɗauka.